Rasit a Jikin Bango

Ran Laraba, jajiberin kasuwar Maigatari,
wata farar mota ta tsaya gindin tsamiyarmu.
Mace ta fito da jaka da ɗan sikeli,
ta ce sunanta Kubura, daga Abuja,
maƙerin garma take nema.
Yara suka nuna mata hayaƙi.

Kawu Barau bai miƙe ba, ƙarfe na wuta.
Sai da ya ba shi masaba tara,
ya tsoma a kasko ya yi cuu,
sannan ya ce, "Maraba. Kifa mata turmi."
Na saki zuga-zugi na kifa.

Ta zaro bakin garma daga jaka,
mai shuɗin fenti, da wani rubutu
ba boko ba, ba ajami ba.
"Ka san wannan?"
"Na san shi. Shi ya cinye min damina biyu."
Ta aza a sikeli, kilo uku da ɗoriya.
"Nawa a kasuwa?"
"Dubu huɗu."
"Kai fa, nawa kake sayen ƙarfe?"
"Tsohon sifirin mota, nauyin wannan,
dubu huɗu da ɗari biyar.
Ban sa gawayin ƙirya ba,
ban sa kokon yaron nan ba,
ban sa kafaɗata ba."

Ta ce sawun da suke bi ke nan.
Wai can inda ake narka shi
gwamnati ke biyan wuta, ta biya jirgi;
a gida su sayar da tsada,
nan su zubar kamar ruwan wanki,
sai maƙera ta ƙarshe ta huce
farashi ya tuna hanyar sama.
Kawu ya ce, "Ashe tsaba ake watsa wa kaza."

"Amma kwamiti sai da hujja. Ina rasit?"
Muka dubi juna.
Kawu ya ɗauki awartaki ya nuna bango:
zanen gawayi, ɗaya garma ɗaya,
layi ɗaya shekara ɗaya.
Shekarar da aka haife ni, layi ya sha kwana ya shiga lungu.
Bara, sha ɗaya.
Bana uku, ɗaya ma gyara ce.
Ta daɗe tana kallo,
sannan ta ɗauki bangon hoto da wayarta,
ta ce in matsa, inuwata ta rufe shekara huɗu.

Ana haka Ilu ya wuce da shanunsa,
shuɗin fenti na walƙiya a bayan amalanke.
Ya gaishe mu yana duban ƙasa.
Kawu ya amsa har da tambayar iyali.
Da ya yi nisa ya ce, "Kar ki rubuta shi.
'Ya'ya bakwai gare shi, taki ya yi tsada.
Ko ni ne, arahar zan bi."

Ta ce za a tara rahoto,
a aika wa masu kayan tambayoyi,
su kawo lauyoyi, a zauna, a ɗage.
Shekara da rabi, in an yi sauri,
ƙila kwastan su ɗora haraji.
Kawu ya ƙirga da yatsun da wuta ta ci:
"Damina biyu kuma."

Ban gaya mata ba,
kwanon da na rufe ɗakina da shi
jirgi ɗaya suka hawo da garmar.
Da dare yayyafi ya sauko a kansa,
na kasa barci don ƙararsa.

Da asuba na tarar Kawu ya riga ni,
ya hura wuta da kansa.
Ilu na tsugune a bakin ƙofa,
bakin garma a hannu, ya tsage biyu.
Kawu ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya saurara.
"Zuga," ya ce min.
Ya ɗauki gawayi, ya ja rabin zane a bango.